Guntun da Zarto Ya Cire

Ni na sare bishiyar. Kowa a Kilbrannoch ya san haka, ko da yake yanzu ba mai faɗa.

Da na bar makaranta ba ni da abin yi sai taya Kawu Murdo, ƙanen mahaifiyata, gyaran shingen tumaki. Zama wuri ɗaya ba ya yi mini. In mun tashi aiki sai in gangara rafi in ɗauko dutse, in yi ta jifa har kafaɗata ta mutu. Daga nan na fara haɗa kayan jifa irin na wasan shekara. Na cika gwangwanin fenti da siminti, na soka masa bututun roba, ya zama guduma. Na kwance wani ƙarfe daga matacciyar tarakta na ɗaura masa sarƙa, ina cilla shi ta saman igiyar shanya, har ranar da ya sauko da igiyar da zanen gado gaba ɗaya. Inna ta ce in dai sai na kashe wani, in koma bayan garke in yi.

A wasan wannan shekarar gungumen garinmu ya tsage. Shi ne dogon itacen da mutum ke ɗagawa a tsaye a tafin hannu, ya ruga da shi, ya cilla shi ya dira a ka ya wuntsila gaba. A garinmu, wanda ya fara wuntsila sabon gungume a gaban jama'a, sunansa ake ƙonawa a jikinsa da jan ƙarfe, kuma da sunan za a riƙa kiransa har ya ruɓe. Gungumen da ya tsage, sunan kakana Lachlan ne a jikinsa. Na ƙudurta nawa ne zai gaje shi.

Kawu Murdo ne ke kula da kayan wasan. Ya ce in shiga kurminsa in zaɓi bishiyar da ta yi mini. Na zaɓi doguwa, miƙaƙƙiya, na kayar da ita, na ɓare ta, na goge siririn bakin har ya zauna a hannuna. Da farko ko tsayar da gungumen ban iya ba. Duk lokacin sanyin nan ina bayan garke, wuyana ya saɓule, yatsuna sun tsattsage. Sai da dusar ƙanƙara ta narke na wuntsila shi karon farko. Bayan nan ya zama kusan kullum. Na san nauyinsa, na san daidai lokacin da yake fara rinjaya gaba.

Da na gaya wa Kawu, dariya ya yi.

"Su wa suka gani, Ruari? Tumakin?"

Na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ce gwiwarsa ba ta son gangaren, zai gani ran wasa.

Ran wasa da ruwan sama muka tashi. Majefa sun zo daga nesa, cikinsu har da Struan, wani ƙato daga wajen Perth, wanda duk bazara yake bin wasanni gari gari da kayansa na kanti a bayan mota. Ya zagaya gungumen, ya taɓa shi da ƙafa.

"Ƙane, an ce aikinka ne. Wane gari ka bari a duhu da ka tuge musu turken lantarki?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ba mugun mutum ba ne, wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai.

Zagayen farko kowa ya kasa. Na Struan ya tashi rabi ya dawo. Da aka zo kaina na ɗaga, na ruga, a takun ƙarshe ƙafata ta zame a laka. Duk da haka gungumen ya dira a ka, ya tsaya cak kamar yana shawara, sannan ya kwanta gefe. Na ji filin ya ja numfashi. Na san na biyun zai wuce.

Ina goge hannu sai ga Kawu Murdo da zarto. Haka ake yi tun kaka da kakanni: sabon gungumen da ya gagari kowa, rage shi ake yi har wani ya iya, in an iya kuma ba a ƙara taɓa shi.

Na sha gabansa. "Kawu, bari a sake zagaye ɗaya."

"Kowa ya gwada, kowa ya kasa."

"Ni ban kasa ba. Santsi ne. Ka gani ai."

"Na ga ya faɗi gefe." Ya nuna 'yan matan rawa da ke karkarwa a ƙarƙashin tamfol, da masu busa da ke jira. "Na kakanka ma sai da aka rage shi. Riƙe mini can, kar ya mirgina."

Na riƙe masa. Har yau in na tuna, motsin zarton nake ji a tafin hannuna. Abin da ya cire daga ƙaton bakin bai kai kamu ɗaya ba.

Struan ne a gabana a layi. Ya ɗaga, ya ruga, ya wuntsila shi. Filin ya kaure da ihu. Da aka zo kaina, gungumen ya zama kamar sandar kiwo a hannuna. Ya wuntsila ya kwanta sambal, ya fi nasa miƙewa. Aka tafa mini irin tafin da ake yi wa yaro mai ƙoƙari. Struan ya ba ni hannu, ya ce itacen mai kyau ne, in na ci gaba zan yi nisa.

Kafin a watse maƙeri ya ƙona sunan. Ƙaurin ya cika filin duk da ruwan. Kawu ya tsinto guntun daga cikin ciyawa ya miƙo mini, ya ce in kai wa Inna, ta daɗe tana kukan iska na buga mata ƙofar kicin.

Yanzu ina aiki a gonar kifi a bakin teku, ban sake zuwa wasan ba. Gudumar simintin tana bayan garke, ciyawa ta rufe ta. An ce Struan ma bai ƙara dawowa ba, wasanmu ya yi masa ƙanƙanta. Amma yaran garin, Gungumen Struan suke kiran itacen.

Guntun yana nan ya tokare ƙofar kicin. Duk zuwan da zan yi gida sai na yi tuntuɓe da shi.