Ranar Lalacewar Kilishin Kalla

Kalla mutumin Madawa ne, ya shekara ashirin yana shanya kilishi a unguwar Zango. Wani babban kanti a Ouaga 2000, unguwar masu kuɗi, ya yarda zai riƙa sayen kayansa, amma sai an buga ranar lalacewa a jikin leda, yadda dokar abinci ta ce. Kalla bai san wannan rana ba, don bai taɓa ganin kilishinsa ya lalace ba. Sai ya sa aka rubuta masa takarda zuwa biro, wato ofishin masu duba abinci, yana roƙon a ɗauke masa wannan sharaɗi.

Madam Rokia ce ke karɓar irin wannan roƙo. Ta karanta, ta buga hatimi.

"Baba Kalla, ba a ɗauke doka da fatar baki. Kawo mana kilishin mu ajiye a kabad, mu gani da idonmu."

Ya kai falle uku. Bayan mako ya koma.

"Baba, abin ajiyar ya ɓace."

"Ɓera ne, 'yata?"

"Haba Baba! Ɓera a biron masu duba abinci?"

A kan takardarsa kuwa ga shatin yatsu na mai da jan yaji. Wanda aka ba amanar nama ya cinye ɓarawo ne, ko da farar riga ce a jikinsa. Kalla ya sani, ya haɗiye, saboda yana son kantin nan.

Ya sake kaiwa, ya sake ɓacewa. A karo na uku ya zabga barkono don mugunta. Sai ga takarda daga shugaban biron, cewa an sassauta masa sharaɗi ɗaya: ba dole ba ne yaji ya kai haka.

Bayan gwaji huɗu kwamiti ya zauna. Madam Rokia ta karanta masa hukunci tana tsaye.

"An ƙi roƙonka. Sau huɗu muna gwadawa, kilishinka bai taɓa wuce kwana uku a kabad ba. Kwana uku za ka buga a leda."

Mai kanti ya ga ledar, ya ce ba ya ɗora kayan kwana uku a kan kanta. Kalla ya dawo biro, hula a hannu.

"Yanzu ina zan sa kaina, Madam?"

"Ɗaukaka ƙara, Baba, haƙƙinka ne. Sai dai kwamitin sama mutum goma sha biyu ne. Falle uku ba zai isa gwaji ba."