Duwatsu a Tsakar Gida

Tun ranar da likitan ido a Anka ya ce hawan jinin ido ne ke damun Zaliha, kuma ganin nata tafiya zai yi ba dawowa, Jibo ya kwaso duwatsu daga bakin rafi ya jera su a tsakar gida.

Jibo ɗan kabu-kabu ne, babu hanyar da tayar babur ɗinsa ba ta taka ba tsakanin Anka, Bukkuyum da Gummi. Ba mutum ne mai lallashi ba. Da matarsa ta ce abu ɗaya take so kafin duhu ya rufe ta, wato ta sake ganin duwatsun da ke bayan Zugu, inda ta yi itace tana yarinya, sai kawai ya ce mata ta shirya, zai kai ta.

Ya ja layi da kara a ƙasa, hanya ke nan. Babban dutse shi ne Dutsin Mata, wanda ruwa ke gangarowa ta gefensa da damina. Ƙananan su ne tsaunukan da ke bin bayansa. Sai ya aza ɓawon gyaɗa a duk inda za su kwana, domin a wajen Jibo tafiya ba ta shiryuwa sai an san gidan wanda za a sauka. Kwanan farko Bukkuyum, gidan Makau mai faci. Na biyu Zugu, gidan Namadi ƙanin Zaliha. Daga nan su ratsa duwatsu da hantsi, su yi azahar a gindin tsamiyar da take yawan ba shi labari, su ɓulle Gummi.

Kullum bayan la'asar ya dawo ya tsuguna, ita kuma ta jawo kujera ta zauna. Ya nuna mata inda zai kashe babur su gangara a hankali don ta kalla da kyau. Ta ce masa ya matsar da tsamiyar, ba nan take ba. Ya ce ita da ba ta taɓa riƙe kan babur ba za ta koya masa hanya. Ya matsar.

Sai ɓawon gyaɗar ya fara raguwa. Aka ce 'yan bindiga sun shiga Zugu sun tafi da mutane, har da Namadi. Jibo ya ɗauke ɓawon, ya ja sabon layi ta wani ƙauye inda yake da aboki, Bello. Kafin ya aika masa, labari ya zo Bello ya kwashe iyalinsa ya gudu Gummi, ƙauyen babu kowa sai awaki. Makau ya yi masa waya ya ce kada ya kuskura da damina, daji ya rufe, ɓarayi na kwance cikin ganye. Jibo ya ce a bari ruwa ya ɗauke. Da ruwa ya ɗauke aka ce an tare hanya saboda girbi, sai mai biyan haraji ke wucewa. Ya ce a bari a gama girbi.

Zaliha ba ta taɓa cewa ya yi sauri ba. Zama kawai take yi, tana cewa to.

Ran nan ya dawo tun azahar da labari mai daɗi. Wani ɗan kabu-kabu ya ratsa ta bayan duwatsun lafiya, kuma an sako Namadi. Ya tsuguna ya share tsohon layi, ya kwashe duwatsun ya mai da su kusa da bakin madafa inda ƙasa ta fi laushi, ya jera su sabuwar jerawa, ya ja sabon layi. Ya kira ta.

Ta fito daga ɗaki da kwanon tsaki a hannu, ta miƙe kai tsaye kamar yadda ta saba. Ƙafarta ta ci karo da Dutsin Mata, ta faɗi, tsakin ya watse. Ta lalubo kujerarta, ta ja ta zuwa tsohon wurin, ta zauna tana fuskantar ƙasar da babu komai.

Jibo ya daɗe yana kallonta. Babban yatsan ƙafarta na jini.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun ana yankan gero."

"Mi ya hana ki faɗa mini?"

"In na faɗa, sai ka kwashe duwatsun. Baban Sufyanu, tun da aka kawo ni gidanga ba ka taɓa zama ka yi hira da ni haka ba."

Ya tashi ya ɗebo ruwa a buta ya wanke mata yatsan, ya yago tsumma ya ɗaure. Kaji suka taru suna tsattsage tsakin a kan hanyar da ya zana, har layin ya ɓace.

Ta gyara zama ta ce ya ci gaba. Bayan sun kwana gidan Namadi, ta wane gefe za su hau?

Jibo ya ɗauki karan. Ya dubi inda duwatsun suke, ya dubi inda take kallo. Sai ya ja jiki ya tsuguna gabanta, a kan ƙasar da babu komai, ya ce ta gabas, rana na gabansu.

Ta ce a'a, in ta gabas za su hau ai rana na bayansu.

Ya ce haka ne.