Jibo Uku da Tsagar Siminti

A ƙauyen nan na bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan noman rani, kudu da garin Hajj Abdalla a Sudan, babu wanda ya taɓa ganin Jibo ya jefa ƙwallo a kwando, amma har kurame sun san adadin da ya jefa. Ɗari huɗu da goma sha biyu, cikin shekara uku, lokacin yana kwalejin aikin gona a Wad Madani. Duk daga nesa, kuma duk daga wuri ɗaya: wata tsaga a simintin filin, inda saiwar darbejiya ta ɗaga ƙasa. Nan yake kafa ƙafar dama ya saki.

Abin takaicin, a zamaninsa duk ƙwallon da ta shiga maki biyu ce, ko daga gindin kwando ka jefa ko daga can garin Managil. Mai horar da su, Ustaz Abdulmuttalib, ya ce bai ga dalilin da mutum zai wahalar da kansa daga nesa a ba shi abin da ake samu a kusa ba, ya zaunar da shi a benci. Jibo ya gama karatu ya dawo gida da baƙin cikinsa. Bayan shekara huɗu, a 1984, sai ga labari wai an ja wani layi a filayen duniya, mita shida da kwata daga kwando, duk wanda ya jefa daga bayansa maki uku gare shi.

Tun ranar ƙauyen bai sake hutawa ba.

A wurin suna, da akwai layi. A zaman makoki, bayan an shafa fatiha, da akwai layi. Da an ja layin nan da wuri, da shi ke riƙe da tutar ƙasa a Alƙahira, da Abdulmuttalib ne ke ɗaukar masa jaka. Mutane suka sa masa Jibo Uku don tsiya, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta a ƙofar gidansa da shuɗin fenti. Matarsa Hasina takan ce ita da layin nan aka ɗaura musu aure rana ɗaya.

Sai dai fa Jibo ba mutumin banza ba ne, kuma abin da ya sa ake jure masa ke nan. Shi ne mai awon gonaki. Yana da igiya mai ƙulli a kowace mita, kuma idan mutum biyu suka yi rigima kan iyakar hawasha, wato gonar da hukumar noman rani ta yanka wa mutum, shi ake kira. Ya taɓa auna wa surukinsa ƙasa ya rage masa kunya biyu na dawa, suka shekara ba sa gaisawa. Igiyar Jibo ba ta san ɗan'uwa ba, kowa ya shaida.

Mutum ɗaya ne bai taɓa raga masa ba, taubashinsa Sambo, wanda al'ada ta ba shi lasisin cin mutuncinsa a gaban kowa. Wata Jumma'a a 2011, ana shan jabana, wato gahawa, a inuwar masallaci, Jibo ya gyara zama ya ce, "Ni fa da a lokacinmu..."

"Ya zol, tsaya," in ji Sambo. "Madanin ga, a bayan Makka take? Kowane wata kana can sayen iri. Ka taɓa zuwa ka ga inda layin ya bi da tsagarka?"

Jibo ya ce ba ya bukata, ƙafarsa ta san awo.

"To mu namu idanun suna bukata. Ran Litinin mu tafi da igiyarka. In tsagar na bayan layi, ni da bakina zan riƙa ba da labarin a madadinka har in mutu. In tana ciki, ka goge fentin ƙofarka, kuma kada mu ƙara jin kalmar layi sai a sahun salla."

Aka kwashe da dariya. Jibo ma ya yi, amma ba har zuci ba. Gaskiyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, sau da yawa ya tsaya a bakin titin kwalejin da buhun iri a kafaɗa, ya leƙa ƙofar, ya wuce. Tsoro yake ji. Mutumin da ya auna rabin gonakin yankin Jazira bai taɓa auna wurin nan ba, domin in tsagar ta faɗo ciki, bai san wanda zai koma gida a matsayinsa ba.

Ran Litinin mutum bakwai suka cika bayan motar hafila, har da waɗanda suka bar ban ruwa don kada a ba su labari. Sambo ya sa sabuwar jallabiyya.

Filin na nan, ya tsufa kamar masu shi. An sare darbejiyar, saura kututture. Wani matashin malamin wasanni mai usur a wuya, Ustaz Yasir, ya tarbe su yana mamakin dattawa bakwai da igiya. Jibo bai ko amsa gaisuwarsa da kyau ba, idonsa na ƙasa. Ga tsagar can, ba ta je ko'ina ba. Ga kuma layin, fari fat, sabon fenti, ya zagayo ya bi ta bayanta da kamar taki guda.

Tsagar tana ciki.

Sambo ya fara gyaran murya, abin da ya fi zagi ciwo.

"Mai fentin ga bai san aikinsa ba," in ji Jibo. Ya miƙa wa Sambo bakin igiya ya ce ya danne daidai ƙarƙashin kwando. Ya ja, yana ƙirga ƙulli da ƙarfi yadda yake yi a gona. Ɗaya, biyu, har shida. Tsagar ta faɗi a shida da rabi. Ya sake ja, shida da rabi. Ya miƙe tsaye, kai ka ce an yi masa bushara da Aljanna.

"Shida da rabi. Layi shida da kwata ne. Ina bayansa da kwata cur. Ustaz, wa ya ja muku wanga shirme?"

Ustaz Yasir ya sosa ƙeya. "Ya ammi," ya ce, wato baffa, "ai an canza doka bara. An matsar da shi baya, yanzu bakwai ba kwata ne. Dubi tsohon, mun shafe shi da baƙin fenti."

Suka sunkuya su bakwai. Ga shi kuwa, dishi-dishi, wani tsohon zane ya bi ta gaban tsagar.

Jibo ya daɗe a sunkuye. Shekara ashirin da shida layin nan yana kwance inda ya ce, yana ba shi gaskiya kullum rana, shi kuwa yana wucewa ta ƙofa da buhun iri yana kawar da kai.

"To kun gani," ya ce a hankali. "Da mun zo bara..."

"Da, da," in ji Sambo. "Da an ja da wuri, yanzu kuma da mun zo da wuri. Jibo, ranar da ka rage wa surukinka kunya biyu, ya nuna maka tsohuwar iyaka ta zamanin ubansa. Mi ka ce masa?"

Jibo ya san abin da ya ce, sauran ma sun sani. Ya ce iyaka ita ce inda take yau.

Ustaz Yasir, don ya sassauta abin, ya ɗauko ƙwallo ya miƙa masa. Jibo ya juya ta a hannu. Ya tattare jallabiyya ya soke a wando, ya cire takalmi, ya kafa ƙafar dama a kan tsagar, ta zauna daram kamar jiya ya bar ta. Jibo ya saki.

Ƙwallon ta tashi, ta yi baka, ta faɗa tsakiyar kwando ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Dattawa suka tsaya baki buɗe, domin har ga Allah babu ɗayansu da ya taɓa yarda cewa ya iya. Sambo ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa, kuma da Jibo ya ce uku a lokacin, babu mai musa masa.

Jibo ya dubi ƙafarsa, ya dubi farin layin da ke bayan diddigensa.

"Biyu," ya ce.

Ya naɗe igiyarsa a gwiwar hannu, ƙulli bayan ƙulli, sannan ya tambayi Ustaz Yasir ko ya rage musu baƙin fentin.