Sai Kowa Ya Ci

Verlyn, ma'aikaciya mai kula da tsofaffi, ta ɗauke farantin yadda ta ajiye shi, shinkafa da miyar wake sun huce. Tun da 'ya'yan Nani Sukhia suka kawo ta gidan kula da tsofaffi a New Amsterdam suka koma Toronto, ruwan shayi kawai take kurɓa. Likita ya ce in ba ta ci ba zuwa gobe, sai a zura mata roba ta hanci. Abin ya dami Verlyn, don tsohuwar ta kwanta mata a rai.

Ba abin da ba ta gwada ba. Ta hana naman sa kusantar farantinta saboda addinin tsohuwar, ta nemo mata roti, gurasar Indiyawa, kuma don girmamawa ita take fara zuba wa kafin kowa.

"Nani, ko loma ɗaya. Don ni."

Tsohuwar ta gyara mayafi, idonta na kan sauran teburan.

Kawu Cuthbert, wani mazaunin gidan, tsohon mai saran rake da baki bai mutu ba, ya ƙyalƙyale da dariya. "'Yar nan, wahalar banza kike. Cikin Indiyawa irinta na tashi a Rose Hall. Irin wannan ta ci, wani na zaune da faranti wayam? Sai miji ya ci, yara su ci, baƙo ya ci, sannan ta tuna da cikinta."

"Rufe mana baki, Cuthbert, uban 'yan surutu," in ji Nani.

Dokar gidan ta ce ma'aikata ne ke rabo. Duk da haka Verlyn ta turo keken zaman Nani gaban tukunya, ta danƙa mata ludayi.

Hannun ya san aikinsa. Nani ta zuba wa kowa, ta ƙara wa Cuthbert tana harararsa. Da aka gama ta naɗe hannu, ta ƙura wa Verlyn ido.

"Ke fa?"

"Ina bakin aiki, Nani."

"Aikin ya jira. Zauna, dubi wuyanki kamar na zalɓe."

Verlyn ta zauna ta ci, ƙwalla na neman zubo mata. Sai da ta kai loma ta uku Nani ta wanke hannu, ta cuɗa shinkafa da miya, ta kai baki. Ta tauna a hankali, ta yamutsa fuska.

"Wa ya dafa wannan? Gobe ki kai ni wurinsa."