Wanda Anka Miƙa wa Igiya

Zakari mai gina rijiya bai taɓa yabon mutum a bakin rami ba. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan sana'a, daga Kore Mairuwa har ƙauyukan bayan Tibiri, kuma duk wanda ya yi aiki ƙarƙashinsa ya san halinsa. In ka ɓata aiki, za ka ji sunan kakanka. In ka yi daidai, zai yi shiru ya duba wani waje. Shirun nan shi ne ladarka.

Yana da dalilinsa. Wansa Mahmuda ne ya koya masa aikin. Wata ranar kasuwa wani dillalin shanu ya dafa kafaɗar Mahmuda gaban jama'a, ya ce duk Arewa babu kamarsa a cikin rami. Kwana huɗu tsakani ƙasa ta rufta masa. Zakari ne ya tono shi da hannunsa. Masu gina rijiya dama ba su son a ce wane ya fi kowa, don baki yana bin mutum har ƙasa. Amma tun ranar nan Zakari ya riƙe abin kamar farilla.

Bazarar bana suna gina wa makiyaya rijiya gabas da Kore Mairuwa. Sun kai zurfin gaba goma sha bakwai, ƙasa ta fara sanyi, ruwa ya kusa. Da hantsi wata farar mota ta tsaya ƙarƙashin gawo. Mutum biyu sunka fito. Ɗaya Kubra ce, ɗiyar ƙanwar Zakari, wadda ke koyar da Ingilishi a koleji. Ɗayan kuma dogon mutum ne baƙi wuluk, da hular kwano da takarda a hannu.

"Kawu, sannu da rana. Na kawo maka baƙo."

"Madam, yau ba yaran da za ki buga ne?"

"Na ba su hutu, na zo in ga ko ka rage faɗa."

Baƙon injiniya ne, ɗan Kenya. Ba Hausa, ba Faransanci, sai Ingilishi. Foroje ɗinsu, wato shirin aikin da ya kawo shi, zai yi rijiyoyin siminti a yankin har shekara uku. Suna son mutum guda daga cikin masu gina rijiya, a kai shi Dosso wata uku ya koyi zuba zoben siminti. In ya dawo, aikin duka na ƙungiyar Zakari ne.

Zakari ya ji wannan, ransa ya yi fari. Aikin shekara uku! Ba wanda zai sake tafiya cirani cikin yaransa.

"To, madalla. Ya ɗauki wanda yake so."

"Ba haka ba ne, Kawu. Kai ne babba, kai za ka faɗa. Ga takarda, tambaya uku ce. Wa ya fi kowa ƙarfi, wa ya fi kowa iyawa, wa ya fi kowa ƙoƙari."

Zakari ya dube ta kamar ta zage shi.

"A nan? A bakin rami?"

"Su masu Ingilishi haka harshensu yake. Komai hawa uku suke yi masa, kamar tsani. Mai kyau, wanda ya fi shi, sai wanda ya fi kowa. Ɗan guntun wutsiya kawai suke liƙa wa kalma, sai ta hau mataki. Tun ajin farko nake koya wa yara wannan. Ba mugunta ba ce, magana ce kawai."

"Su ba a mutuwa a ƙasarsu?"

Kubra ba ta juya wa injiniya wannan ba.

Ma'aikatan sun riga sun bar aiki sun matso. Gaba-gaba Ma'azu ne, ƙato mai gemu, wandonsa bai kai idon sawu ba. Shi kaɗai yakan fid da ƙasar da mutum biyu za su fitar, kuma ya san haka. Can baya Habu ne, gajere, yana zaune yana duba igiya taku-taku da yatsu, kamar ba da shi ake ba. Saboda nawarsa ake ce masa Sai-gobe.

"Baba Zakari," in ji Ma'azu, "wanga abu camfi ne. Ka ce Masha Allah, ka faɗi suna, shi ke nan. Ajali ba ya bakin dillalin shanu."

"Kai ka tono Mahmuda?"

Ma'azu ya ja da baya.

Injiniya ya duba agogo, ya yi magana a hankali. Kubra ta ce, "Ya ce yana girmama al'adarku, amma ba zai koma da takarda fara ba. In la'asar ta yi babu suna, zai wuce Matankari. Akwai wata ƙungiya can."

Matankari! Zakari ya san ƙungiyar. Rijiyarsu a karkace take sauka kamar hanyar maye. Ya tafi gindin gawo ya zauna, Kubra ta bi shi.

"Kawu, Ingilishi yana da wata hanya. Ana iya cewa wane daidai yake da wane. Ba sama, ba ƙasa."

"Ƙarya ce. Ba daidai suke ba."

"To ana iya cewa mutum yana yin iya ƙoƙarinsa. Wannan ba a gwada shi da kowa, da kansa kawai."

"Jakina ma yana yin iya ƙoƙarinsa. A kai shi Dosso?"

Ta yi dariya har ta dafa ƙasa. "Wallahi Inna ta yi gaskiya, kanka ya fi dutsen Dogon Dutsi tauri."

"Kin ga, ke ma kin fara. Ya fi, ya fi. Sun lalata miki baki."

Anka yi azahar. Hawwa'u, matar ɗaya daga cikin makiyayan, ta kawo ƙwaryar fura da nono kamar kullum. Kowa ya sha. Zakari ya riƙe ludayi bai kai baki ba. Sunan yana nan a kan harshensa, ya san shi tun kafin a yi tambayar. In ya faɗa, ya jefa yaron mutane a bakin duniya, kuma gobe yaron zai sauka rami. In bai faɗa ba, mutum shida za su ɗaure kaya su nufi kudu bayan girbi, wasu ma ba za su dawo ba.

Inuwar gawo ta fara juyawa gabas. Direban baƙin ya buɗe mota yana kaɗe kujeru.

Sai Zakari ya ajiye ludayi ya miƙe, ya tuɓe riga.

"Zan duba ƙasan ramin nan."

Ma'aikatan sunka dubi juna. Shekara shida rabonsa da sauka, tun da gwiwa ta kama shi.

"Kawu, mi za ka yi?"

"Ki ce wa baƙonki ya matso ya buɗe ido. Ki kuma gaya masa yadda muke yi. Mutum huɗu ke jan igiya, amma guda ɗaya ke riƙe kanta a bakin rami. Ba ni ke naɗa shi ba. Mai sauka shi ke zaɓe, don ransa ne."

Kubra ta juya maganar. Injiniya ya matso.

Zakari ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗaure ta sau biyu. Ya ɗauki kan igiyar. Ma'azu ya tako gaba, ya miƙo hannuwansa manya. Zakari ya wuce shi kamar ya wuce turke, ya je ya sa igiyar a hannun Habu. Bai ce masa komai ba. Habu ya tofa yawu a tafi, ya kafa ƙafa a bakin ramin, ya karkata kunne.

Anka fara sakin igiya. Tana bi ta yatsun Habu a hankali, a hankali. Wajen gaba goma sha biyu sai ya damƙe ta, ya ɗaga hannu. Masu ja sunka tsaya cik. Ba wanda ya ji kira daga ƙasa. Sai can anka ji yashi yana zuba, shaaa, daga jikin bango, ya wuce ta gefen Zakari ya faɗa ƙasa. Habu ya jira har ya ɗauke. Ya matsa da igiyar taku ɗaya hagu, ya ci gaba da saki.

Injiniya ya tambayi Kubra yadda anka yi Habu ya sani. Ta tambayi Habu. Ya ce, "Igiya ta faɗa mani," bai ko ɗago kai ba.

Da anka jawo Zakari, jiƙaƙƙen yashi ne a hannunsa, yana ɗiga. Ya ajiye shi a tafin Hawwa'u, ta rangaɗa guɗa. Ya kwance igiya yana haki.

"Ma'azu, sauka ka ƙarasa. Ruwa na nan."

Ma'azu ya karɓi igiya fuska a murtuke. Ya ɗaura. Ya ɗauki kanta ya tsaya. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Kowa ya zuba masa ido, har direba. Ya ja tsaki, ya dangwara ta a hannun Habu, kamar yadda yake yi kullum shekara huɗu ke nan.

Wurin ya fashe da dariya.

"Malam Ma'azu, ina Masha Allah?" in ji ɗaya daga masu ja. "Ba ni mana in riƙe maka!"

"Kai? Ɗiyana uku. Ban gaji da su ba."

"Ashe Sai-gobe yana da amfani!"

"Ku sake ni in sauka, ku bar surutu."

Injiniya ma dariya yake yi, ko da yake ba a juya masa ba. Ya ciro bik na rubutu, ya ɗora takarda a kan mota ya yi rubutu mai tsawo, har ya fita daga layukan nan uku ya gangara gefe. Ya miƙa wa Kubra.

"Kawu, ka ji abin da ya rubuta. Ya ce Habu shi ne wanda ya..."

"Rufe baki! Na tambaye ki? Ninke ta ki ba shi abinsa. Shi ya rubuta, da harshensu, can su ƙarata. Ni ban ce komai ba. Kowa shaida ne."

"Ba ka ce komai ba, Kawu."

Motar ta juya ta nufi Tibiri, ba Matankari ba. Daga ƙasan rami muryar Ma'azu ta taso, yana cewa ruwa ya kai masa idon sawu. Guga na farko ya fito da laka, na biyu da ruwa ja. Shanun makiyaya sunka fara matsowa.

Zakari ya koma gindin gawo ya miƙe ƙafar da ke ciwo, ya jawo ƙwaryar furar da ya bari. Da anka fid da Ma'azu, Habu ya zo wucewa yana naɗe igiya.

"Kai, Sai-gobe."

"Na'am, Baba."

"Litinin za ka Dosso. Ka tashi tun Lahadi, don na san tafiyarka."

"To, Baba. Wa zai riƙe igiya?"

"Ma'azu. Kwana huɗu gare ka, ka koya masa ya rufe baki ya buɗe kunne."

Ya ɗaga ƙwarya ya shanye furar tas, ya kife ta, ya duba wani waje.