Sauran Hayaƙin

Azumi ta rasu ran Laraba da la'asar, a shekarar da aka karya darajar sefa. A daidai lokacin mijinta, Malam Barmo, yana Jiratawa yana kallon wani makaho na shinshinar hayaƙin motarsa.

Malamin kimiyya ne a wani kolej na Maradi, gidansa a Tsibiri. Ko da makarantu ke rufe saboda yajin aiki, kullum da safe sai ya kai Azumi shagon ɗinkinta a Sabon Gari cikin tsohuwar Fijo ɗinsa. Kujerar gaba ta littattafai ce. Azumi a baya take zama, ɓangaren hagu.

Tana da ciwon fuka tun tana yarinya. Wata bakwai tana ce masa motar nan tana shaƙe ta, duk ranar da ta shiga sai ta wuni da ciwon kai. Ya ɗauko takarda ya zana mata inji da bututu, da kibiya mai nuna hayaƙi na fita ta baya. Ya ce iska ba ta san son kai ba, kimiyya kuma ba ta ƙarya. Ta ninke takardar ta sa a jaka. Ba ta sake tayar da maganar ba, sai tari.

Abin da ya kai shi wurin gyara kunya ce. Motar ta fara zubo shuɗin hayaƙi, har 'yan ruwa-ruwa masu sai da esans, wato fetur, a kwalba suna tambayarsa ko jam'iyya ya kafa, ga tuta tana bin sa. Jibo makanike ya sake masa buji, wato fulogi, sau biyu, a na uku ya ɗaga hannu ya ce ya tafi Jiratawa wurin Gado, wanda ke gyaran injinan ban-ruwa tun kafin ruwan batir ya cinye masa idanu.

Ya same shi ƙarƙashin dogon yaro a bakin garka, wato lambu, tsoho siriri, hannuwansa baƙi ƙirin. Gado bai tambayi komai ba. Ya sa aka bar inji ya huce, aka tayar. Ya durƙusa ya tara tafin hannu a bakin salansa kamar mai karɓar ruwan alwala, ya kai hanci.

Yana shinshina yana magana, ba lallai da Barmo ba. Baƙin hayaƙi, in ji shi, ƙoshi ne, karburata na ɗura wa inji esans fiye da cikinsa. Fari mai ɗan zaƙi a hanci, ruwa ne ya ratsa kilas, murfin kan inji. Wannan kuwa mai ne ke ƙonewa. Ya sa Barmo ya taka totur ya saki, ya sake takawa. Da safe kaɗai take yi, ko har a kan hanya? Har a kan hanya, in ji Barmo, musamman a hawa. To segima, zobban fistan, ne suka gaji, kuma a tukunya ta uku. Ya kwance buji huɗu ya jera a cinya, ya murza kowanne da yatsa. Na ukun jiƙe yake sharkaf da mai.

Barmo ya karanta littattafai a kan inji da faransanci, masu hotuna. Bai taɓa ganin an karanta inji ba sai ran nan.

Aka mayar da buji aka sake tayarwa. Gado ya koma bakin salansa, ya daɗe, kansa a karkace.

"Mushe," in ji shi, kiran da ake wa malaman boko, "hayaƙin ga bai cika ba."

"Kamar yaya bai cika ba?"

"Abin da injin ga ke ci, da abin da ke fitowa nan, ba su yi daidai ba. Ina sauran?"

Ya dunƙule tsumma ya toshe bakin salansa. Injin da ya kamata ya shaƙe ya mutu, sai ya ci gaba da kiɗinsa, wani siririn huci na fitowa daga ƙasa. Gado ya bi hucin da kunne, yana lalube jikin motar, har ya buɗe ƙofar baya ta hagu. Ya ce a ɗaga kujera.

Tsatsa ta huda ƙasan motar, rami kamar bakin ludayi, daidai kan tsagar bututu. Bayan katifar kujerar ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Gado ya shafa, ya shinshina yatsunsa.

"Wa ke zama nan?"

"Iyalina."

"Ba ta faɗa maka ba?"

Gado bai jira amsa ba. Ya yanko gwangwanin tumatir ya naɗe tsagar da waya, ya toshe ramin da wani. Ya ce segima suna iya jira har kaka, ƙirjin mutum ba ya jira. Ya tafi yanzu ya kai ta likita, kuma ya riƙa sa ta a kujerar gaba.

Kafin ya tashi, Barmo ya kwashe littattafan nan ya zuba a but. Ya share kujerar da hannun rigarsa.

A cikin Maradi ya tarar da taron jam'iyya ya tare hanya, kiɗa da lasifika, wani na rantsuwa zai gyara ƙasa cikin kwana ɗari. Motar ta yi awa guda a tsaye. Yana zaune yana shirya abin da zai ce mata. Ya fara da bayanin tsatsa da bututu, ya ga ya yi tsawo. Ya yi ta ragewa har suka rage kalmomi biyar.

Da ya shiga layinsu a Tsibiri ya hangi tabarmi a ƙofar gida, da maza zaune. Ran nan ba ta je shago ba, fukar ta tashi mata bayan azahar, maƙwabta sun nemi mota ba su samu ba.

Daga baya ya tsinci takardar zanensa a jakarta, a ninke huɗu, kibiyar na nan tana nuna baya. Ya sayar da littattafan, ya bar motar. Kalmomin biyar kuwa suna nan tare da shi, ba wanda zai ba: Azumi, ke ce da gaskiya.