Tiyon da Aka Yi wa Guga

Mijina tela ne, kuma a ganinsa duk abin da ya yage a duniya aikinsa ne. Shi ya sa ranar da za mu ɗauko Auta daga makarantar kwana, da ya ga ruwa kwance ƙarƙashin mota, ko gezau bai yi ba. Ni ce hankalina ya tashi. Duk hutu sai motar nan ta samo dalili, 'yar nan ta zama ta ƙarshe a bakin ƙofar makaranta, tana kallon iyayen wasu suna wucewa. Wannan karon ya dafa kanta ya yi alkawari cewa shi zai fara isa, tun kafin a buɗe ƙofa.

Ya ɗaga bonet ya leƙa. Tiyon da ya haɗa lagireto da inji ne ya tsage ta gefe.

"Baban Auta, kira bakanike," na ce.

"Bakanike a kan tsaga? Ke dai miƙo min babbar allura."

Ya ɗinke tsagar tsaf, ɗinki mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Muka zuba ruwa, ya ta da mota. Da ta wuri ɗaya yake yoyo, yanzu kuwa ta kowane hujin allura yake tsartuwa, har a fuskar gwanin. Ya share fuska ya ce robar ce ba ta riƙe zare.

Sai ya ratayo tef, ya auna tsawo, ya auna kauri, ya nufi shagon kayan mota. Ya dawo yana huci, da sabon tiyo a hannu.

"Dubi abin da suka ba ni! Karkatacce, har da gwiwa. Wai haka kamfani ya yi shi."

"To ai tsohon ma a lanƙwashe yake."

"Wancan tsufa ne ya tanƙwara shi. Ke ma ai ba haka na auro ki ba."

Na haɗiye wannan, don rana ta ɗaga, amma ban yafe ba.

Ya jona dutsen guga, ya shimfiɗa tiyon a teburin yanka, ya rufa masa jiƙaƙƙen ƙyalle, ya danna da iya ƙarfinsa. Warin roba ya cika gida, har maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko taya muke ƙonawa. Tiyo dai ya miƙe, amma ya baje kamar bel. Ya zura masa sandar laima, ya mulmula shi har ya sake samun ciki.

Aka zo sakawa. Bakin lagireto na kallon gefe, bakin inji na kallon sama, miƙaƙƙen tiyo kuma ya ƙi gaisawa da kowa. Maigida ya ja baya, ya kanne ido ɗaya yadda yake yi wa mai tumbi in ya zo gwajin riga.

"Motar ce ba ta da tsayuwa," ya ce. "Sai an bi jikinta."

Ya zana da alli, ya yanke da almakashi, ya fitar da gwiwa irin ta hannun riga, ya yi shafi da ledar rigar ruwa. A tsakiya ya sa zif.

"Zif kuma na mene ne, don Allah?"

"In ya toshe a zuge a duba. Su kamfani ba su kai nan ba."

Muka kama hanya, bayan mota cike da jarkoki. In ta ɗan taɓa tafiya sai tururi ya turnuƙe, mu tsaya ta huce, in fita in zuba ruwa, shi kuma ya zuge zif ya leƙa ya gyaɗa kai. Can muka fara cin karo da motocin iyaye suna dawowa, akwatuna ɗaure a sama, yara na ɗago mana hannu. Ya daina gyaɗa kan. Na fasa yi masa masifar da na tanada, tausayinsa ya kama ni alhali haushi bai sake ni ba.

Da yamma liƙis muka isa. Auta na zaune kan akwatinta, daga ita sai maigadi, da bokiti cike da ruwa a gabanta. Ta taso ta gaishe mu, ta ɗago bokitin da hannu biyu.

"Baba, buɗe bonet ɗin."

"Wannan fa?"

Maigadi ne ya amsa. "Tun da safe ta ɗebo, kafin ma ta haɗa kayanta. Iyayen ƙawarta sun ce ta bi su, ta ce a'a, za ku zo, sai dai ku iso kuna neman ruwa."

"Tun da safe?" in ji mijina. "Auta, ai na yi miki alkawari."

"Ka yi, Baba," ta ce, ba fushi ko kaɗan. "Matsa, kar tururi ya ƙona ka."

Ya matsa. Wallahi da ta yi mana kuka da ya fi min sauƙi.